Darasi na 14: Dabon Lanƙwasa Cokali da Yadda Ake Koyon Sa ta Bidiyo

Manufar Darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda 'yan dabo suke sa cokali ko makulli ya zama kamar ya lanƙwashe da kansa;
2. bin matakan koyon aikin hannu daga bidiyo;
3. bambance mai wasan nishaɗi da mai damfara.

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu mun taɓa tsayawa a gefen kasuwa muna kallon ɗan dabo. A yau ɗan dabo ya shigo cikin wayar hannu. Za ku ga mutum a bidiyo ya ɗaga cokali, ya riƙe wuyansa da yatsu biyu, ya yi ta shafawa a hankali. Can sai cokalin ya fara laushi kamar man shanu a rana, kansa ya sunkuya, ya gutsure ya faɗi ƙasa. Wani ya ce aikin aljanu ne, wani ya ce asiri ne, wani kuma ya ce haɗin kwamfuta ne.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Maganar gaskiya ce, amma ido ma yana da iyakarsa, kuma a kan wannan iyaka ɗan dabo yake cin abinci. A wannan darasi za mu ga inda wasan lanƙwasa ƙarfe ya samo suna, yadda ake yin sa, da yadda mutum zai koye shi daga bidiyo idan yana da sha'awa. Wanda ma ba ya da niyyar yin wasan zai amfana, domin wanda ya san yadda ake rufe ido ba a saurin rufe nasa.

Mutumin da Ya Sa Wasan Ya Shahara

Sunan da aka fi dangantawa da lanƙwasa cokali shi ne Uri Geller, wanda aka haifa a birnin Tel Aviv a shekarar 1946. Ya fara wasa a gidajen shaƙatawa a Isra'ila, daga baya ya tsallaka Turai da Amurka. Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan wasa shi ne iƙirarin da ya yi cewa da ƙarfin tunaninsa yake lanƙwasa ƙarfe. A watan Nuwamba na 1973 ya fito a wani shirin talabijin na BBC a Ingila, ya lanƙwasa cokali mai yatsu a gaban jama'a. Bayan shirin, mutane suka yi ta bugo waya suna cewa su ma cokulan gidajensu sun lanƙwashe.

A wannan shekarar dai ya je shirin talabijin na Johnny Carson a Amurka. Shi Carson ya taɓa yin wasan dabo tun yana saurayi, don haka ya nemi shawarar wani gogaggen ɗan dabo haifaffen Kanada mai suna James Randi. Shawarar Randi gajeriya ce: masu shirin su tanadi nasu cokulan da sauran kayan gwaji, kada su bari baƙon ko mutanensa su taɓa su kafin a fara ɗauka. Haka aka yi. Geller ya zauna a gaban kayan na tsawon lokaci bai nuna abin da aka saba gani ba, ya ce a daren ba ya jin ƙarfi. A 1975 Randi ya wallafa littafi a kan Geller, ya kuma shafe shekaru yana lanƙwasa cokula a gaban jama'a, yana gaya musu cewa da dabara ya yi.

Ku lura da abu guda a wannan labari. An hana hannu kaiwa ga cokali kafin lokaci, sai cokali ya zauna a miƙe.

Abin da Maƙeri Ya Sani

Kafin mu shiga dabaru, mu tambayi maƙeri. Ya san ƙarfe ba ya sauya siffa sai da ɗayan abu biyu, ko ƙarfi ko zafi. Shi ya sa yake da zugazugi da gawayi, yake da masaba da uwar maƙera. Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyos, alhali zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. Saboda haka shafa da yatsa ba za ta taɓa tausasa cokalin baƙin ƙarfe ba.

Maƙeri ya kuma san cewa kowane ƙarfe yana da wurin da ya fi rauni. A jikin cokali, wuyansa ne, wato siririn wurin da kai ya haɗu da mariƙi. Ku ɗauki ƙaramin cokalin shayi mai araha, ku riƙe kansa da hannu ɗaya, mariƙin da ɗaya hannun, ku danna wuyan da babban yatsa. Za ku yi mamakin yadda zai lanƙwashe nan take ba tare da kun yi nishi ba. Yawancin mutane ba su taɓa gwadawa ba, shi ya sa suke ɗauka abin yana buƙatar ƙarfin ƙato.

Hanyoyi Huɗu da Ake Bi

Hanya ta farko ita ce lanƙwasawa a ɓoye, sannan a bayyana a hankali. Ɗan dabo yana buƙatar ƙiftawar ido ɗaya kawai. Zai iya samun ta lokacin da yake tashi daga kujera, ko yake sauya wa cokali hannu, ko lokacin da ya sa jama'a dariya, ko ya ce kowa ya dubi cokalin da ke hannun wani. Bayan ya lanƙwasa, sai ya rufe lanƙwasar da yatsunsa, ya nuna wa mutane cokalin ta fuskar da ba a ganin karkata. Daga nan ya fara shafawa, yana juya shi sannu-sannu, yana janye yatsunsa kaɗan-kaɗan. Mai kallo yana ganin karkata tana ƙaruwa, sai ya ɗauka a gabansa abin yake faruwa, alhali aikin ya ƙare tun ɗazu. Da makulli ma haka ake yi, sai dai shi ya fi tauri, don haka akan zura bakinsa cikin hujin wani makullin ko a tokare shi da gefen kujera a danna.

Hanya ta biyu ita ce gajiyar da ƙarfe. Duk wanda ya taɓa rasa abin yanka waya ya san wannan. Idan aka lanƙwasa waya gaba da baya sau da yawa a wuri ɗaya, wurin zai yi ɗumi, ƙananan tsagu da ido ba ya gani su yi ta ƙaruwa a cikinsa, har ta karye. Ɗan dabo yana yi wa wuyan cokali haka a gida, ya tsaya daidai lokacin da ya ji saura ƙiris. Idan aka miƙar da cokalin, ba kowa zai gane ba. A gaban jama'a sai ya riƙe wurin tsakanin babban yatsa da manuni, ya ɗan motsa shi, cokalin ya rabu biyu a ƙarƙashin yatsunsa ba wanda ya gani. Yana sassauta riƙo, kan cokalin yana reto kamar ƙarfen ya zama danƙo. A ƙarshe ya saki, guntun ya faɗi.

Hanya ta uku ruɗin ido ce zalla, ba a ma lanƙwasa komai. Ku riƙe fensir kusa da ƙarshensa da yatsu biyu, riƙon sako-sako, ku kwantar da shi, ku girgiza hannu sama da ƙasa. Fensirin zai zama kamar na roba. Ido ba ya iya bin motsi mai sauri daki-daki, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa hotunan ta ba ku siffar lanƙwasa.

Hanya ta huɗu ita ce amfani da ƙarafa na musamman. Akwai wani ƙarfe mai suna galiyom, wanda wani masanin kimiyya Bafaranshe ya gano a 1875. Fari ne kamar azurfa, amma yana narkewa da zafi ya kusa digiri 30. Cokalin da aka zuba da shi yana narkewa a cikin kofin ruwan zafi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, irin wannan cokali zai narke tun yana aljihu. Akwai kuma nitinol, gaurayen ƙarafa biyu, nikel da titaniyom, wanda aka gano a wani ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka wajen 1959. Idan aka tanƙwara shi yana sanyi, da ya ji ɗumi sai ya koma siffar da aka horar da shi a kai. Likitocin haƙori suna amfani da shi wajen wayar daidaita haƙora, 'yan dabo kuma suna sayen kayan wasa da aka ƙera da shi.

Aikin Baki

Hannu rabin aiki yake yi, sauran rabin na baki ne. A 2005 masana halayyar ɗan Adam biyu a Ingila, Richard Wiseman da Emma Greening, sun wallafa sakamakon wani gwaji. Sun nuna wa mutane bidiyon wani da ya lanƙwasa makulli da dabara, ya ajiye shi a kan tebur. Kashi ɗaya na masu kallon sun ji mutumin yana cewa makullin yana ci gaba da lanƙwashewa, ɗaya kashin kuma an cire musu wannan magana. Makullin yana ajiye bai motsa ba. Duk da haka waɗanda suka ji maganar sun fi sauran bayar da shaidar cewa sun ga yana ƙara karkata, kuma suka faɗi haka da tabbaci.

Mutanen nan ba ƙarya suka yi ba. Kunne ne ya gaya wa ido abin da zai gani. Wannan ne ya sa bayan wasa za ku ji mai kallo yana rantsuwa cewa ɗan dabo bai taɓa cokalin ba sam, alhali ya riƙe shi sau biyu ko uku. Mutum yana tuna abin da aka jawo hankalinsa a kai, ya manta da abin da ya ɗauka ba shi da muhimmanci.

Samari Biyu da Masana Kimiyya

Kada wani ya ɗauka marasa ilimi kaɗai ake ruɗa. A 1979 wani attajiri mai kamfanin ƙera jiragen sama, James McDonnell, ya ba Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka dala 500,000 don a buɗe ɗakin binciken irin waɗannan baiwa da ake iƙirari. Cikin waɗanda suka zo gwaji akwai samari biyu, Steve Shaw da Michael Edwards, dukansu ba su kai shekara 20 ba. 'Yan dabo ne, kuma da sanin Randi suka je. Sun yi alkawari a tsakaninsu cewa duk ranar da aka tambaye su kai tsaye ko dabara suke yi, za su faɗi gaskiya.

Ga misalin abin da suka yi. Masu bincike sukan auna cokula, su ɗaura wa kowanne takardar lamba da zare, domin a sake aunawa bayan gwaji. Samarin suka ce zaren yana damun su, aka bar su su cire. Sai su musanya lambobin. Idan aka sake aunawa, sai a ga awo ya sauya, a rubuta cewa cokali ya lanƙwashe, alhali wani cokalin daban aka auna. Da masu binciken suka tsaurara matakan tsaro a 1981, abubuwan mamakin suka ɗauke. A 1983 Randi da samarin suka fito suka bayyana komai a gaban 'yan jarida.

Steve Shaw shi ne wanda duniyar 'yan dabo ta sani yau da suna Banachek, kuma bidiyon koyarwarsa na lanƙwasa cokula yana cikin waɗanda masu koyo suke nema. Shi kuwa Randi, tun 1964 ya sa ladar dala 1,000 ga duk wanda ya nuna irin wannan baiwa a ƙarƙashin gwajin da ɓangarorin biyu suka amince da shi. Ladar ta kai dala miliyan 1, aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ci. Randi ya rasu a 2020.

Yadda Ake Koyo daga Bidiyo

A da, mai son dabo sai ya bi ubangida ko ya nemi littafi. Yanzu akwai bidiyon koyarwa, wasu na sayarwa, wasu kyauta a YouTube. Bidiyo ya fi littafi wajen nuna motsin yatsu da lokacin da ya dace a yi shi. Ga matakan da za su taimaka:

1. Ku zaɓi bidiyo mai kashi biyu, wato inda malamin ya yi wasan a gaban mutane na gaske, da inda ya zauna ya warware shi. Bidiyon da ake yawan yanke hoto a tsakiyar wasa ba abin koyo ba ne, domin mai yiwuwa a wurin yankan aka sauya cokali.
2. Ku sauke bidiyon a waya idan da hali, don kada maimaita kallo ya cinye muku data.
3. Kallon farko, ku kalla kamar kowane ɗan kallo. Ku riƙe a zuciya wurin da abin ya fi ba ku mamaki.
4. Kallo na biyu, ku rage gudun bidiyon zuwa rabi ko rubu'i, ku zuba wa hannaye ido kawai.
5. Kallo na uku, ku bar hannaye, ku dubi fuskar malamin, ku saurari bakinsa. Ina yake kallo lokacin da yake lanƙwasawa? Me yake faɗa? Ɗan kallo yana duban inda ɗan dabo yake duba, don haka ƙwararre ba ya kallon hannunsa a lokacin aiki.
6. Ku sayi cokula sirara masu araha, dozin ɗaya ko biyu. Kada ku taɓa na uwargida ko na maƙwabta, kada kuma ku gwada da makullin ɗaki ko na babur.
7. Ku yi atisaye a gaban madubi, sannan ku jingine waya ta ɗauke ku. Madubi yana iya yi muku kara, domin mutum yakan ƙifta ido daidai lokacin da ya yi kuskure. Hoton waya ba ya kara.
8. Ku lura da inda mai kallo yake tsaye. Abin da ya ɓoyu daga gaba yana iya fitowa fili daga gefe ko daga baya.
9. Dabara ɗaya za ku riƙe har ta zauna a hannu kafin ku koma wata. Minti goma kullum ya fi awa uku rana ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

A kula da lafiya. Bakin karyayyen cokali yana da kaifi, a tattara guntayen kada yara su taka ko su sa a baki. Wanda ya sami galiyom kada ya sha abin da aka narkar da shi a ciki, kuma ya nisanta shi da tukwane da kwanonin alminiyom, domin yana cinye su.

Waɗannan matakai ba na dabo kaɗai ba ne. Da su za ku koyi ɗinki, gyaran waya, saƙa ko girki daga bidiyo: a zaɓi malami nagari, a kalla sau da yawa, a rage gudu, a gwada da hannu, a duba kuskure.

Iyakar da Ba a Tsallakewa

Abin da muka karanta babu tsafi a cikinsa, babu laya, babu kiran aljani. Saurin hannu ne da sanin halin ido. Wanda yake da tambaya a kan hukuncin yin wasan ya kai ta ga malamin addininsa. Amma akwai iyakar da kowa ya yarda da ita. Mai wasan kirki yana gaya wa jama'a tun farko cewa dabara zai nuna musu. Yana iya riƙe sirrin yadda ya yi, kamar yadda kowane mai sana'a yake riƙe nasa, amma ba ya cewa yana da wata baiwa ta ɓoye. Ranar da mutum ya lanƙwasa cokali sannan ya ce da wannan ƙarfin zai warkar da mara lafiya, ko ya ninka kuɗi, ko ya gano ɓarawo, ya bar wasa ya shiga damfara. Da irin wannan ƙaramin abin mamaki macuta suke buɗe zuciyar mutum kafin su buɗe aljihunsa.

Sababbin Kalmomi

Dabo: wasan nuna abin mamaki ta hanyar dabara.
Siddabaru: saurin hannu da ke ruɗar mai kallo.
Iƙirari: faɗin abu game da kai wanda yake jiran hujja.
Gajiyar ƙarfe: raunin da ƙarfe yake yi idan aka yi ta lanƙwasa shi a wuri ɗaya.
Atisaye: maimaita aiki har hannu ya saba.

Tambayoyi

1. Wace shawara James Randi ya ba masu shirin Johnny Carson, kuma me ta haifar?
2. Me ya sa shafa da yatsa ba za ta tausasa cokalin baƙin ƙarfe ba?
3. Kawo hanyoyi huɗu na dabon lanƙwasa ƙarfe, ka yi bayanin biyu.
4. Me gwajin makulli na 2005 ya nuna game da shaidar ido?
5. Yaya samarin nan biyu suka yi da lambobin cokula?
6. Mene ne bambancin mai wasa da mai damfara?

Aikin Aji da na Gida

A aji, a rabu biyu-biyu. Ɗaya ya yi wasan fensir, ɗayan ya faɗi abin da ya gani, sannan a sauya. A gida, kowa ya samo guntuwar waya, ya ƙirga sau nawa ya lanƙwasa ta kafin ta karye, ya rubuta adadin. Sannan ya rubuta jimla biyar a kan wani abin mamaki da ya taɓa gani a kasuwa ko a waya, tare da tambayoyi biyu da ya kamata a ce ya yi a lokacin.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da aka nuna muku abin da ya ɗaure muku kai, ku yi tambaya uku kafin ku gaskata. Wa ya kawo kayan? Wa ya taɓa su kafin a fara? Me ake so in bayar bayan na gani? Wanda ya koyi wasan nan a cikinku ya faranta wa iyalinsa da abokansa rai da shi, ya kuma gaya musu gaskiya cewa dabara ce. Wanda bai koya ba ya kai wannan ilimi gida, ya sanar da 'ya'yansa da maƙwabtansa, domin kada wani ya raba su da guminsu da cokalin da aka riga aka lanƙwasa.